Faifaina a Daura, na Isufu a Ƙetare

Ku da kuke gyaran waya a rumfar nan ta kusa da tawa, ran nan na ga kun ɗauki faifaina kuna ta juya shi kuna dariya, har ɗayanku yana cewa wannan ai ɗan firamare ma ya iya, harafi ne kawai ake musanyawa da harafi. Rabin maganarsa gaskiya ce. Tunda kun ce in ba ku labari, to ku gyara zama ku ji sauran rabin.

Sunana Lawal, mutumin Zango ne ni, amma a tashar Daura ba wanda zai gane ni sai an ce Kofur Sigina. Ina ɗan shekara goma sha tara na shiga soja, ana tsakiyar yaƙin basasa. Da aka ga na gama firamare, rubutuna kuma yana karantuwa, sai aka ware ni aka kai ni sigina, wato masu aika saƙo da karɓarsa ta rediyo. Can na faɗa hannun Saja Mamman, wani dattijo mutumin Baure da ya yi yaƙin Bama tun ban zo duniya ba. Da ya ji daga inda na fito, sai ya ce tunda ɗan gida ne ni, horona zai fi na kowa zafi. Bai kuwa saɓa ba.

Ranar farko ko kusa da rediyo bai bar ni na je ba. Ya zaunar da ni kan akwatin harsashi, ya ciro wannan abin daga aljihun ƙirjinsa, a naɗe cikin tsumma. Ku duba shi da kyau. Tagulla ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Faifai biyu ne, babba a ƙasa, ƙarami a bisansa, ƙusa ɗaya ta haɗa su a tsakiya. Kowanne an zana masa haruffan boko ashirin da shida a gefe, daga A zuwa Z. Babban ba ya motsi, ƙaramin ne ke juyawa. Saja ya ce wani Bature ne ya bar masa shi a Bama, kuma tun a lokacin ma tsohon yayi ne, sojojin da suka riga su ne suka yi yaƙi da irinsa. Mu a zamaninmu akwai katunan sirri da ake rabawa, amma kati yakan jiƙe, yakan ɓace, yakan makara a hanya. Tagulla kuwa ruwa bai dame ta ba.

Ya juya ƙaramin har D ɗinsa ya zo daidai da A na babban. Ya ce in nemi harafin gaskiya a babban, in rubuta wanda ya tsaya a gabansa a ƙaramin. Ya ba ni RUWA, na bi shi harafi-harafi, ya fito UXZD. Nan take na ce na iya, kamar dai yadda kuka ce. Sai ya ba ni KAKA, ya fito NDND. Ya tambaye ni kalmomi nawa ne a Hausa ke maimaita kansu haka, na lissafa masa mama da dada da kaka da wasu biyu. Ya ce to maƙiyi ma ya iya wannan lissafin, in ya gwada sau biyar ya buɗe kalmar, in ya buɗe kalmar ya buɗe saƙon duka, in ya buɗe saƙon kuwa mutane ne za su kwanta.

Daga nan ya koya mini mabuɗi. Mabuɗi kalma ce da mai aikawa da mai karɓa suka riƙe a ka, ba a rubuta ta. A ce GERO ne. Harafin farko na saƙo, G kake kawowa daidai da A. Na biyu, sai ka juya ka kawo E. Na uku R, na huɗu O, na biyar ka koma kan G, haka har ƙarshe. Kowane harafi da nasa juyin. Da muka sake gwada KAKA sai ya fito QEBO, babu sauran alamar maimaici. Mai karɓa kuma baya-baya zai bi: ya saita faifansa da mabuɗin, ya nemi harafin a ƙaramin, ya karanta na babban. Sauƙin ke nan, kuma wahalar ke nan. Ka tsallake juyi ɗaya tak, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme, kai kuma ba za ka sani ba, sai wanda ke can yana jira.

Wata uku na yi ina wannan. Fensir ake amfani da shi, ba biro ba, a fiƙe shi da reza ta baki biyu. Takarda mai gida-gida, layin sama mabuɗi, na tsakiya saƙo, na ƙasa abin da ya fito. A tara haruffan biyar-biyar don kada tsawon kalma ya tona asiri. In an gama a ƙona takardar aikin, a murje tokar da ƙafa. Saja yakan tsaya a bayana yana buga gwangwani da cokali, ko ya sa a tayar da janareta, ya ce wanda bai iya aiki cikin hayaniya ba bai iya ba.

Akwai wani saƙo da ya shigo wata rana bayan azahar, daga wani kamfaninmu da ke bakin kogi. Ni kaɗai ne a kan rediyo. Na ɗauki haruffan tsaf, na hau faifai, sai shirme ke fitowa. Na ce mai aikawa ne ya yi kuskure, na sa ya maimaita. Ya maimaita, shirme dai. Sau uku muna haka, har batirinsu ya mutu. Ashe mabuɗi yana canjawa da tsakar rana, ni kuma na jiya nake ta juyawa. Sai da Saja ya dawo daga wajen kwamanda, ya dubi takardar, ya dubi agogonsa, ya karɓi fensirin. Cikin minti goma saƙon ya fito: suna da mutum huɗu da suka ji rauni, a turo mota gindin gada. Awa biyu na ɓata. Motar ta je ta dawo, uku da rai. Saja bai zage ni ba, bai kai ni gaba ba. Cewa kawai ya yi in je in kama a sauke su daga motar. Ni na riƙe ƙafafun na huɗun. Tun daga ranar, kafin in ɗora fensir a takarda sai na tambayi kaina yau wace rana ce, kuma ƙarfe nawa.

Da Saja zai bar aiki ya ba ni faifan, da tsummansa. Ni kuma na yi shekara ashirin da biyu a soja, na zo gida da igiya biyu ta kofur. Rediyoyin da suka zo daga baya da kansu suke rikita magana, ba mai tambayar faifai. Na kafa teburi a nan bakin tasha ina rubuta wa mutane wasiƙa, faifan yana ƙasan akwati, na ɗauka aikinsa ya ƙare.

Wanda ya fito da shi Alhaji Ɗanjuma ne, wani falken shanu na Mai'adua. Yakan sayi shanu can cikin Nijar, makiyayansa su koro su ta daji su tsallako kusa da Kongolam. Wakilinsa na can yakan aiko takarda ta hannun direba, yana faɗin ranar da garke zai taso da burtalin da zai bi, don a je a tarye shi. To takardar nan kafin ta iso ta bi hannun direba da kwandasta da ɗan kamasho, kuma ba ka san wanda ya iya karatu a cikinsu ba. Sau biyu ɓarayi suna tare masa garke a daidai inda takarda ta faɗa. A na biyun aka sari makiyayinsa a kafaɗa, hannun bai ƙara ɗaguwa ba. Alhaji ya zo teburina in rubuta wa wakilin cewa a dakatar da komai. Na ce ya ba ni mako ɗaya, kuma ya samo mini mutum ɗaya a can mai karatu da riƙon amana.

Faifan Saja guda ɗaya ne, kuma ba shi da Ɓ da Ɗ da Ƙ, don haka sai na yi sababbi. Na kai wa wani maƙerin gwangwani a kasuwa ya yanko mini da'ira huɗu daga farantin alminiyam. Na zubar da P da Q da V da X, na sa namu uku, suka zama ashirin da biyar. Raba da'ira gida ashirin da biyar daidai ya ba ni wuya, sai da na zagaya bakin faifan da zare, na ninka zaren biyar, kowane kashi na sake ninka shi biyar, ina ɗiga tawada a kowane lanƙwasa. Sannan na lura da wani abu da Saja bai gaya mini ba, don shi da Turanci ya yi aiki. Hausa cike take da A, kuma duk inda A ta faɗo, harafin mabuɗin ne ke fitowa tsirara. Ku duba QEBO ɗin nan, E da O ai na GERO ne. Mai wayo zai tsince mabuɗin kamar gyaɗa a rairayi. Don haka a ƙaramin faifan ban jera haruffa bi da bi ba, na watsa su, iri ɗaya a nawa da na abokin aikina. Na buga su da ƙusa da guduma, kwana huɗu.

Mutumin da Alhaji ya samo shi ne Malam Isufu. Gidansa yana wani gari gaba da Ɗan Barto, hanyar Matamaye. Ya yi makarantar boko ta Faransa, wadda suke kira lakwal, ya kuma yi aikin buga tangaraho a gidan waya har ya bari. Dogo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Muka haɗu ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua, bayan kara inda ake cinikin shanu, gindin wata bishiyar bedi. Abin da na yi wata uku ina koyo, shi kafin la'asar ya kama. Har ya nuna mini cewa ƙusar tsakiya ta yi sako-sako, faifan zai iya zamewa rabin gida, ya ce a sa ɗan ƙyallen fata a tsakani. Gaskiyarsa ce.

Saƙonsa na farko ya kusa sa ni kunya. Na buɗe shi, sai ga CHANOU ZA SOU TACHI LARABA. Na ce na kauce a wani wuri, na sake daga farko, haka dai ya fito. Sau uku. Alhaji yana tsaye a kaina yana jira. Sai da na karanta shi a fili, kunnena ya ji abin da idona ya kasa gani: shanu za su tashi Laraba. Rubutun lakwal ne, haka suke rubuta Hausa. Lahadin da ta biyo na ce masa ya gyara, ya ce ni ne zan gyara, ai nasa ya fi daidai. Ba wanda ya gyara. Na koyi karanta nasa, ya koyi karanta nawa. Garken nan kuwa ya iso lafiya, da na bayansa, da na bayan wancan.

Kafin shekara ta zagayo fatake shida ke aiki da mu. Duk farkon wata muna haɗuwa da Isufu gindin bedin nan, mu sha fura, mu zaɓi sabon mabuɗi, baki da kunne. Sunan ciyawa ko na miya muke ɗauka, ba ma ɗaukar sunan mutum ko na gari, don shi ne abin da mai nema zai fara gwadawa. Ga waɗanda ba su yi boko ba na yi faifan ajami. Ba shanu kaɗai ba ne. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa da ƙaninta ke fama da ciwon da ba ta so a ji a gari, shekara biyu tana aika masa da yadda zai sha magani ta hannunmu, har ya warke ya yi aure ba wanda ya sani. Akwai kuma waɗanda na kora. Wani ya zo yana so a aika wa matar wani, wani kuma kayan da zai tsallako da su ne bai iya faɗa mini sunansu ba. Mai faifai shi ke fara karanta komai, don haka duk abin da ya wuce ta hannunsa da shi aka yi.

Muguwar shekarata ita ce wadda ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Lokacin ana ta farautar bokaye da 'yan duba, kuma ban ga laifin hakan ba. Sai dai makiyayan Alhaji sun saba ɗinke takardarmu cikin hula don kada ta ɓace. Wata rana hular ɗayansu ta yage a masallaci, takarda ta faɗo, haruffan ajami biyar-biyar a cikin gida-gida, ba su ba da ma'anar komai ba. Kowa ya gani zai ce hatimi ne. Aka tambaye shi, ya ce Kofur na tasha ne ke yi musu don kada ɓarayi su tare su. Bai yi ƙarya ba, amma ku ji yadda maganar ta fita. Washegari da hantsi wasu samari suka zo teburina, suka tarar ina juya faifai ina rubutu, ga toka a ƙasa inda na ƙona takarda. Suka kwashe komai, har da na Saja, aka kai ni gaban alƙali da tuhumar duba da tsibbu.

Alhaji ya tsaya mini, ban kwana a tsare ba, aka sa mako biyu. Makon nan biyu ba wanda ya zauna a bencina. Mai shayin da muka shekara goma muna gaisawa ya koma miƙo mini kofi yana kallon gefe. A masallaci sai in ga sahu ya bar ɗan fili ta damana. Na yi wa alƙali bayani iyakar iyawata, ya saurara, ya ce shi dai bai ga bambancin wannan da abin da 'yan duba ke zanawa ba, sai in akwai hujjar da ido zai gani. Na ce akwai, amma tana ƙetaren iyaka.

Ban aika wa Isufu ba, direbobi ne suka kai masa labari. Ranar zama sai ga shi a bayan babur, ya sha ƙura har gira, faifansa a aljihu. Ya roƙi alƙali a fitar da shi waje a sa mutum ya tsare shi. Alƙali ya zaɓi mabuɗi da kansa, ya faɗa mini a kunne, ya rubuta jimla a takarda ya ba ni. Aka miƙo mini faifaina daga cikin kayan da aka kwashe, na juya ta a gaban kowa, ina bin kowane harafi sau biyu. Aka karɓe takardar alƙali da ta aikina, aka fitar da ni ta wata ƙofa, aka shigo da Isufu, aka faɗa masa mabuɗin, aka ba shi haruffan kawai. Ni ina waje ban gani ba, Alhaji ne ya ba ni labari. Ya ce ya gyara tabarau, ya zauna a ƙasa, ya yi kamar minti ashirin yana juya faifansa. Sannan ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta malam, an ce akuyar magatakarda ta shiga gonar liman."

Aka ce har alƙali sai da ya rufe baki da hannun riga. Ya ɗaga takardarsa ya nuna, haka ya rubuta. Ya ce wannan lissafi ne, ba gaibu ba, a mayar mini da kayana, ya kuma ja mini kunne kada in bari a ɓoye haram a ciki. Ɗaya daga cikin samarin ya biyo ni har tasha ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. Amma hukunci a kotu ya tsaya, bai bi mutane gida ba. Cikin fatake shida, biyu ne suka dawo. Sauran suka ce ba sa son abin da za a yi ta magana a kai. Ban gama farfaɗowa ba aka kafa ƙarfen sabis a Daura, sannan a Mai'adua. Ranar da na ga Alhaji Ɗanjuma tsaye kan tudu da waya a kunne yana faɗa wa wakilinsa burtalin da za a bi, da ƙarfi, rabin tasha na ji, na san an gama. Ya zo ya gaishe ni da mutunci, ya ce zamani ne. Na ce haka ne.

Aiki ya ƙare, amma Isufu bai daina rubutowa ba. Duk Lahadi da la'asar direban Kongolam zai miƙo mini 'yar takarda a ninke, haruffa biyar-biyar. In buɗe, in tarar an yi ruwa ranar Talata, gero ya fara ciki, ko rijiyar unguwarsu ta rufta, ko ƙafarsa na ciwo. Ni ma in mayar masa da namu. Ba abin ɓoyewa a ciki ko ɗaya. 'Ya'yansa sun saya masa waya, nawa ma sun saya mini, mun gwada sau ɗaya, muka gaisa kawai, muka kashe. Takarda kuwa takan ci mini awa guda, in fiƙe fensir, in ja layi, in bi shi a hankali. Yana da wata ɗabi'a da na yi ta faɗa da ita: kowane saƙo da KOFUR yake fara shi. Na ce masa wannan ai miƙa wa mai nema haruffa biyar ne kyauta. Ya ce wa ya rage da ke neman mu.

Shekara biyar muna haka, sai ya daina zuwa kasuwa, rubutun takardar kuma ya canja, ya zama ƙanana masu kyau. Na shirya na je. Na tarar idanun sun tafi, hawan jini ya cinye su. Yana zaune a zaure kan buzu, faifan a cinyarsa. 'Yarsa Rabi, wadda ke koyarwa a lakwal ɗin garin, ita ya koya wa aikin. Shi yakan faɗi magana, ita ta juya ta rubuta, in tawa ta zo ta buɗe ta karanta masa. Ya ce tana da hannu, sai dai gaggawa, in riƙa ƙirga kurakuranta ina faɗa mata ba sassauci. Haka na riƙa yi, a ƙarshen kowace takarda in sa adadin. Ta fara da tara, ta sauko biyu, wani makon ma babu. Ranar nan mun zaɓi mabuɗan wata shida a zama ɗaya, don ya ce bai san yaushe zan sake samun zuwa ba. Na kwana biyu na dawo.

Wata na huɗu ne, cikin damina. Direba ya miƙo takarda kamar kullum, na sallami wata tsohuwa da nake cike wa fom, na fiƙe fensir, na ja layi. Na saita faifai, na nemi harafin farko. B ya fito, ba K ba. Na duba mabuɗin, na duba watan, daidai suke. Na biyu A. Na ajiye fensirin na ɗan zauna, motoci suna ta lodi. Sannan na ɗauka na ci gaba, don saƙo ba a barinsa rabi. Ga abin da ya fito: Baba, Malam ya rasu jiya Asabar da hantsi, an yi jana'iza, ya ce kada a kira ka a waya, in sanar da kai ta faifai.

Na ƙona takardar aikin, na murje tokar, na rufe teburi. Washegari na bi motar farko, na samu sadakar uku. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, Rabi ta fito zaure cikin mayafi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye faifansa a gabana. Gefen ya sha hannu har haruffan sun kusa shafewa, ƙyallen fatar tsakiya an canja shi da sabo. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni. Na ce ta riƙe, ni ina da nawa, kuma a hannunta zai fi amfani. Ba ta yi gardama ba, ta mayar da shi cikin mayafi.

Ina sa takalmi zan fita ta ce, "Baba, ba ka faɗa mini ba. Kuskure nawa na yi a ta jiya?"

Tun ina gaban Saja Mamman ban taɓa rufa wa kowa kuskure a aikin nan ba, ko nawa ko na wani. Uku ta yi, dukkansu cikin kalma ɗaya, inda ta rubuta rasu. Sai da na cike ta da kaina.

Na ce, "Babu ko ɗaya, 'yata. Aikinki ya yi."